Tasar Baratali

Kakana Baratali bai taɓa ɗaura agogo ba.
Tasar tagulla gare shi, mai huda a gindi
ƙanƙanuwa kamar kafar allura.
Ya ɗora ta kan ruwan tukunya,
ta sha, ta sha, ta nutse,
sai ya jefa tsakuwa guda cikin tulu.
Haka ake auna dare a ƙauyenmu,
can bayan Gonabad, inda ƙasa ke tofar da gishiri.

Ruwanmu ba ta sama yake zuwa ba.
Magabata suka haƙa masa hanya ta ƙarƙashin ƙasa,
rijiya na bin rijiya tun daga gindin tsauni,
da fitila a hannu, da farar riga a jiki,
don in rami ya rufta, likkafani ya samu.

Shekara uku ƙanƙara ba ta kwana kan tsauni ba.
Ruwan da ke lasar gwiwar jaki
ya koma ko kofato ba ya rufewa.
Tasa tana nan yadda take, lokaci bai ragu ba,
abin da ke cikin lokacin ne ya rame.
A hayin can injin mai gonar fistashiyo
yana tsotson ƙasa dare da rana kamar kaska.
Safdar ya sayar da awakinsa, ya tafi Mashhad dakon bulo.

Aka zauna a farfajiyar masallaci, aka yi ta ja.
Ƙarshe aka ce: bana ba kankana, ba alkama,
a ceci rumman da saiwar za'afaran,
shuka tana dawowa baɗi, itace sai jika ya ci.
Ban ruwa sai da dare.
Samari su sauka rami su kwashe laka,
mata su shafe kwata da yumɓu kada ta yi sata.

Daren Gulnisa ya zo, mai takaba,
tasa bakwai ne rabonta,
lambunta kuwa a wutsiyar kwata.
Biyar suka nutse ruwa bai isa ba,
busasshiyar hanya tana karɓar kuɗin fito.
Ina da shekara sha ɗaya, ni ke riƙe fitila.
Na ce, Kaka, sa yatsa ka toshe hudar,
wa ke ganinmu?

Bai dube ni ba.
Ya ce, yatsan da ya toshe yau don tausayi,
gobe don kuɗi zai toshe.

Ta bakwai ta nutse.
Tsakuwa ta ce ƙwal cikin tulu.
Ya miƙe, ya ɗaga murya har karnuka suka amsa:
Na Gulnisa ya ƙare!
Yanzu na Baratali ne, tasa tara!

Na ruga in kawar da dutsen da ke juya ruwa gidanmu.
Ya kama ni a wuyan riga.
Zauna, in ji shi, riƙe fitila.
Muka ƙirga tara cif,
ruwa na wuce ƙofarmu bai ko yi sallama ba.

Inabinmu ya ƙone a wannan bazarar.
Kakata ta kwana takwas tana miƙa masa shayi
da fuskarta wajen bango.
Sama ba ta saka masa da komai ba,
farin ya ƙara shekara biyu.

Da kaka ta kama, Gulnisa ta aiko da rumman huɗu,
ƙanana, sun tsattsage, tsami har kunne.
Ya cinye nasa yana yamutsa fuska,
ya tara 'ya'yan a tafin hannu.

Yau ni ke rabon, da waya mai ƙararrawa.
Ba ta kuskure ko daƙiƙa.
Amma nakan sauko da tasar in dare ya tsala,
in ɗaga ta saitin fitila,
in leƙa ta hudar.